Ranar da Na Rage wa Motata Tsayi Saboda Surukata

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu abokan aikina sai na yi ta lalube, amma ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kwanta ƙarƙashin motata da sifana a hannu, na ce sai na rage mata tsayi. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya roƙe ni. Ni kaɗai na zauna na ga matsala, ni kaɗai na ƙirƙiro maganinta, kuma wadda na yi domin ta ita ce ta kwashi wahalar.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, ina malamin gona a Gusau. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, abokaina suka bazama sayen babur da rediyo, ni kuwa na ce babur na yara ne. Na sayi a-kori-kura ta hannu, shuɗiya, daga wani mai jigilar auduga. Don ɗaukar kaya aka yi ta, shi ya sa in ba komai a cikinta bayanta yake ɗagewa sama kamar kaza tana tsince hatsi. Ina ji da motar nan ƙwarai. Ina wanke ta ko ba ta yi datti ba, kuma in na tsaya gaisawa da mutane ba na kashe ta, don kowa ya ji.

Surukata kuwa, wadda muke kira Inna, a Bungudu take aure, amma asalinta 'yar makiyaya ce daga wajen Tsafe, kuma kunyar gidansu ba ta bar ko ɗaya a baya ba. Matata Rabi ita ce 'yarta ta fari, don haka ko sunan Rabi ba ta faɗa, balle nawa. Ni a bakinta "mutanen Gusau" ne. In na je gaisuwa na durƙusa a bayan zana, sai ta ce wa wanda ke kusa da ita, "A gaida mutanen Gusau, sun zo lahiya?" ina nan ina ji, shi kuma ya maimaita mini. Tun da na auri 'yarta ban taɓa ganin tsakiyar idonta ba, ita ma na tabbata ba za ta iya gane ni a kasuwa ba.

Abin ya samo asali ne ranar da aka watse sunan ɗanmu na biyu. Inna ta fito za ta koma gida, na yi sauri na buɗe mata ƙofar gaba ina washe baki. Ta tsaya cak, ta juya baya. Wata gwaggon Rabi ta matso ta ce mini a hankali, "Haba Malam, kahwaɗa da kahwaɗa da kai? Ai sai ta mutu kafin Bungudu. Baya za ta shiga." To, ga Inna mai jiki, ga ciwon gwiwa. Ta ɗora ƙafa ɗaya a bamba, ta kama gefen bodi, ta yunƙura, sai ƙafar ta zame, ta zauna daɓas a ƙasa, a bakin titi, maza suna zaune a tabarma suna kallo. Ba dama in taɓa ta. Abin da na iya yi kawai shi ne na juya ina kallon bango kamar an rubuta wani abu a jiki. Ta tashi ta kakkaɓe zane, ta ce wa iska, "Motar mutanen Gusau ta yi mini tsawo," ta kama hanyar tasha da ƙafa, ba wanda ya iya tsayar da ita.

Ni mutum ne mai zuciya, magana ɗaya takan kwana a cikina har ta yi saiwa. Wannan maganar ta zauna mini. Duk sanda na kalli bayan motar sai in ji haushi, kamar da gangan ta ɗage don ta ci mini mutunci a gaban surukai.

Ana nan, cikin damina, wata safiya ƙanen Rabi mai suna Mamman ya zo daga Bungudu da saƙo. Kawu Sambo, yayan Inna da ke Tsafe, yana kwance, kuma ya aiko a kira ta. Wannan ba ƙaramin labari ba ne a danginsu. Lokacin farin da ya kashe dabbobi, Kawu Sambo ya sayar da ragowar shanun gidansu, har da saniyar da mahaifiyarsu ta bar wa Inna, bai ko shawarce ta ba. Tun daga nan ta ce ƙafarta ta bar gidansa, kuma ta cika maganarta, ko biki ko suna ba ta zuwa. Yanzu ya aiko cewa ba ya son aike, yana son ya ji daga bakinta cewa ta yafe masa. Inna ta kwana tana kuka, ta wayi gari ta ce za ta. Mamman ya ce tana ɗaure kaya, motar haya za ta shiga bayan azahar, Rabi ta tare ta a tashar Gusau su wuce tare.

Na ce, "Yaya jikin nasa?"

Ya ce, "An ce da sauƙi."

(Ni Bahaushe ne, na san ko mutum yana shure-shuren mutuwa "da sauƙi" za a ce. Amma ranar sai na karɓi maganar kamar daga bakin likita ta fito, don ta yi daidai da abin da nake so.)

Na ce, "Wace irin motar haya, ina da mota a ƙofar gida? Koma ka ce mata ta kwance kaya ta huta. Gobe da sassafe zan zo in kai ta har ƙofar ɗakinsa."

Mamman bai so ba, amma ni mijin yayarsa ne, kuma ma'aikaci, sai ya ce to. Da ya fita Rabi ta ce, "Mi zai hana mu tahi yau ɗin?" Na ce akwai gyaran da zan yi wa mota. Ta ce jiya lafiya lau ta ga na dawo da ita. Na ce mata wannan aikin maza ne, ta je ta ji da yaro.

Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin irin wannan mota ba, a wajen kowace tayar baya akwai sifirin, wato dogayen falle-fallen ƙarfe da aka jera ɗaya kan ɗaya, aka ɗaure su da kusa guda a tsakiya, sannan wasu lanƙwasassun ƙarafa suka rungume su da aksul, ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu. Su ne suke riƙe da bodi a sama. Lissafina mai sauƙi ne: in na zare wasu fallayen, baya zai sauko, Inna ta taka ta hau ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ban kai wa makanike ba don na san zai yi ta yi mini tambayoyi, ni kuwa ba na son tambaya in na riga na gama shawara.

Jak ɗaya gare ni. Na ɗaga gefe guda, na sa tubalin ƙasa don ya tare, tubalin ya murƙushe. Na shiga gida ina waige-waige, sai na ga Rabi ta jawo turmi za ta yi surfe. Na karɓe na mirgina shi waje, tana bina tana cewa, "Ina za ka kai mini turmi?" Na ce yanzu zan dawo da shi. Na kife shi a bayan motar, har na taka shi na hau cikin bodi na ɗauko guduma, na sake takawa na sauko, sannan na tura shi ƙarƙashi ya tallafe motar ƙam. (Ku riƙe wannan takawar da na yi, za mu dawo kanta.)

Maƙwabcina Malam Audu tela ya bar kekensa ya zo ya tsuguna. Shi ma bai san komai a kan mota ba, amma Allah ya ba shi bakin zuga. Notuna sun yi tsatsa, na zuba kananzir, na doka, na doki babban yatsana har farcen ya yi baƙi, yana cewa, "Sannu injiniya." Da na zare falle na farko na jefar gindin darbejiya, ya girgiza kai ya ce, "Wallahi Malam, waɗanda suka ƙera ta ba su yi wanga tunani ba." Na zare uku a dama, na mayar da turmi hagu na zare uku.

Wajen mayarwa ne aka fara samun matsala, kuma nan ne mai hankali zai tsaya. Kusar tsakiya ta ɓangare ɗaya na lalata bakinta da guduma, noti ya ƙi shiga. Lanƙwasassun ƙarafan kuma sun yi yawa tunda abin da suke runguma ya rame. Su na yanka tsohuwar taya na cusa na cike gurbin. Kusa kuwa, na shiga ɗaki na duba gadonmu na ƙarfe, wani kore da aka kawo Rabi da shi, na ga wata kusa a ƙafarsa da ta yi kusan kauri ɗaya, na kwance ta na fito da ita a aljihu. Kafin magariba na sauke motar, bayanta ya sauko kamar taƙi guda. Malam Audu ya taka ya hau ya sauka sau da yawa yana ta yabo. A ranar ba a yi tuwo a gidana ba saboda turmi bai koma da wuri ba, kuma a tabarma muka kwana, na ce wa Rabi gadon yana son gyara.

Da sassafe muka isa Bungudu. Na juya motar na daidaita bayanta da ƙofar gida, na sauke murfin baya, na koma gefe na sunkuyar da kai ina leƙe ta wutsiyar ido. Inna ta fito da ƙunshinta, idanunta a kumbure. Ta taka bamba, ta kama gefe, sai ga ta a ciki. Ta zauna, ta gyara mayafi, ta ce wa iska, "Yau motar mutanen Gusau ta rusuna." Wallahi a wannan lokacin ko gwamna aka ce in yi musanya da shi ba zan yarda ba.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, in an ji mota kyauta za ta dubiya, ba mutum ɗaya ke shirya ba. Gwaggon nan ta fito, matar Mamman ta fito, ƙannen mijin Inna mata biyu suka fito, har da wata tsohuwa maƙwabciya da ban taɓa gani ba. Aka fito da buhun gero da na dawa na gidan mara lafiya, da ƙwaryar fura, da wata tunkiya da ban san dalilinta ba har yau. Duk wanda ya hau sai in ga bodi ya ƙara sauka, har ya kusan rufe taya. Na buɗe baki zan yi magana, amma wa zan ce wa ya sauka a ƙofar gidan surukai? Na haɗiye maganata, Mamman ya shiga gaba, Rabi da goyonta ta zauna kusa da mahaifiyarta a baya.

Tun kafin mu yi nisa na fara jin wani gurnani duk sanda muka shiga ɗan rami, sai kuma ƙauri. Mamman ya ce, "Kamar ana ƙona roba." Na ce sabon gyara ne, haka yake yi kafin ya zauna. A tsallaken layin dogo a Gusau salansa ta goga ƙasa har mutane suka waiwayo. Rabi ta ƙwanƙwasa gilashin baya, ta nuna mini hanyar tasha da hannu. Na gane sarai abin da take nufi, wato in tsaya a sa Inna a motar haya, sauran mu bi a hankali. Ga motocin Tsafe da Funtua ana ta lodi, ina ganinsu. Amma sai na hango kaina ina sauke surukata a tsakiyar tasha, bayan na yi alkawarin ƙofar ɗaki, bayan ta ce mota ta rusuna. Na yi kamar ban gani ba na taka totur. Duk cikin labarin nan, wannan wurin ne har yau in na tuna nake jin ƙirjina ya yi nauyi.

Muna hango dutsen Kwatarkwashi abin ya faru. An yi ruwa da asuba, ramukan hanya sun cika, ba ka sanin mai zurfi. Na kauce wa ɗaya na faɗa wani. Na ji ƙarar ƙarfe ya tsinke, bayan motar ya karkace, tayar hagu ta ja da baya ta maƙale a jikin bodi, muka sulale muka tsaya a bakin wata gonar gero. Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo. Fura dai ta kife a zanen Inna, tunkiya ta yi tsalle ta shiga gona, yaro ya tsala kuka.

Sauka ba ta yi wa kowa wuya ba, don bayan motar ya kusan taɓa ƙasa. Na tuɓe babbar rigata, wadda na saka musamman don shiga Tsafe, na kwanta cikin taɓo daga ni sai singileti, a gaban matar da ko hulata ban taɓa cirewa a gabanta ba. Dogon fallen da ke sama ya karye, robar da na cusa ta fice, kusar tsakiya ta rabu biyu. Na fito da guntunta a hannu ina jujjuyawa, ina shirya bayanin da zan yi a kan rashin ingancin ƙarfen zamani. Rabi ta matso ta leƙa. Ta ga koren fenti a kan kusar.

Ta ce, "Wagga ba kusar gadonmu ba ce?"

Ba da gangan ta yi ba, mamaki ne ya fizgo maganar, kuma tana gama faɗa ta rufe baki da hannu. Amma kowa ya ji. An ambaci gadona da na 'yarta a gaban Inna, a bakin hanya, da rana tsaka. Gwaggo ta dubi sama, matar Mamman ta duƙa tana gyara takalmin da ba abin da ya same shi, Mamman ya tafi neman tunkiya da saurin da bai taɓa yi ba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta taka a hankali zuwa gindin wata ɗorawa ta zauna, ta juya mana baya tana fuskantar hanyar Tsafe. Ni kuwa ina tsaye, taɓo har kunne, da guntun gado a hannu, na rasa ko in jefar ko in sa a aljihu.

Daga nan sai jira. Motocin haya suna wucewa a cike, ina ɗaga hannu suna ɗaga mini. Hantsi ya yi, rana ta take. Inna tasbaha kawai take ja, duk ƙarar motar da ta ji sai ta ɗan ɗago. Na so a ce ta zage ni, ko ta aiko a zage ni, da na ji sanyi. Wata mata daga wani gida da ke kusa ta kawo mana ruwa a ƙwarya, ta tambayi inda za mu, da aka faɗa mata ta ce Allah ya sa mu iske shi. Ban iya cewa amin da ƙarfi ba.

Wajen azahar wata gingimari mai bodin katako ta tsaya, ba kaya a cikinta, direban ya ce mu hau. Na dubi bayanta, ya kai mini ƙirji. Na ce a raina shi ke nan, wadda ta kasa hawa tawa ina za ta iya wannan, har na fara tunanin ko a haƙa rami a sa tayoyin a ciki (ku ji fa, ko a lokacin ban warke ba). Matar da ta kawo mana ruwa ta shiga gida ta mirgino turminta, ta kife shi a gindin motar. Matar Mamman ta hau ta miƙo hannu, Inna ta taka turmi, Gwaggo ta tallafa ta baya, sai ga Inna a sama tana gyara zama. Ko numfashin kirki ban ja ba aka gama.

Rabi ta dubi turmin, ta dube ni. Jiya da ƙafata na taka irinsa na hau motata na sauko, sannan na tura shi ƙarƙashi na yini ina dukan ƙarfe a kansa. Na bar a-kori-kura da buhunan a hannun masu gonar, na hau can ƙarshen gingimari na zauna kusa da tunkiya.

A bakin hanya aka sauke mu a Tsafe, gidan Kawu Sambo yana can gefen gari. Inna ce a gaba. Matar da gwiwa ke hana ta zuwa rijiya, ranar sai da muka riƙa ɗaga ƙafa don mu cim mata. Muna shan kwanar wani lungu muka yi kiciɓis da maza suna tahowa a jere, ƙafafunsu da jar ƙasa, biyu suna ɗauke da makara ba kowa a ciki sai naɗaɗɗiyar tabarma. Inna ta tsaya. Ta dubi makarar, ta dubi wanda ke gaba, Buba babban ɗan Kawu Sambo. Ba ta tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Ta yi salati a hankali ta zauna a tsakiyar hanya, da busasshiyar fura a zanenta.

A zauren gidan Buba ya zauna kusa da ni. Ba da nufin ya soke ni ba, labari kawai yake bayarwa irin na mai makoki. Ya ce, "Da hantsi ya cika. Jiya yini ya yi da bakinshi, har fura ya sha, yana ta tambaya ko ta iso. Da sahen nan ma ya ji ƙarar mota ya ce a leƙa a gani ko ita ce." Na ce Allah ya jiƙansa, muryata kamar ba tawa ba. Mutane suka riƙa tambaya, "Malam, ina motar taka?" Mamman ya ba da labari a taƙaice, ya tsallake zancen gado, Allah ya saka masa. Kowa ya ce haka Allah ya so, kwana ne ya ƙare. Gaskiya suka faɗa, amma duk wanda ya faɗa sai in ji kamar ya ƙara mini dutse a ka.

Daga baya Rabi ta ba ni labarin abin da ya faru a cikin gida. Ta ce Inna ta wuce mata masu gaisuwa ba ta kula kowa ba, ta shiga ɗakin da ya yi jinya, ta zauna a gefen shimfiɗar da ba a ko naɗe ba. Ta dafa ta ta ce, "Yaya, na zo. Na yahe maka saniyar. Ka jiya? Na yahe." Ta yi ta maimaitawa har aka zo aka fitar da ita.

Na koma na sa aka jawo motar zuwa Gusau. Fallayen suna nan gindin darbejiya inda na zubar, makanike ya mayar da su, ya canza wanda ya karye, ya sa sabuwar kusa, bayan motar ya koma sama yadda yake. Malam Audu tela ya zo ya tsuguna ya ce shi dama tun ranar jikinsa bai ba shi ba. Ban tanka masa ba, don da na buɗe baki da an raba mu.

Bayan sadakar uku na koma Tsafe ɗauko su. Ban san ko Inna za ta yarda ta sake shiga motata ba, amma na ɗauko turmin Rabi na ɗora a baya. Dama Rabi ta ce ba za ta ƙara daka a cikinsa ba, gindinsa ya sha baƙin mai, yana warin kananzir. Na shiga na durƙusa a bayan zana kamar kullum, ina jira a ce a gaida mutanen Gusau. Sai na ji Inna ta ce, "Malam."

Na waiwaya in ga da wa take. Ba kowa a wurin sai ni.

Ta ce, "Rabi ta ce ba ka cin abinci. Tun shekarar hwari nike da ƙahwa, ga hanya, ga mota a tasha kullum, ban zo ba. Kai yini guda ka ci mini, ni shekaru na ci wa kaina. Kada ka ɗauki kayana ka aza bisa naka."

Ranar ce ta fara yi mini magana baki da baki, har ta kama sunan 'yarta, kuma ba ta sake ba har ta bar duniya. Na kifa kai a gwiwa na yi kukan da ban yi a zaure ba, ita kuma ta bar ni na gama. Na san ta faɗa ne don ta sauke mini nauyi, kuma ta rage, amma yinin nan guda nawa ne, shi ba ta iya ɗauke mini shi ba.

Da muka fito na sauke turmin na kife a bayan mota, na juya ina kallon bango. Na ji takunta a kansa, na ji bodi ya ɗan motsa. Da na juyo tana zaune a ciki, fuskarta a rufe.

Turmin nan bai sake barin bayan motar ba har na sayar da ita, abokan aiki suna ta tsokanata wai malamin gona ya koma surfe, ban taɓa ba su labari ba. Abin da na koya dai bai taka kara ya karya ba, kowace mata a ƙauye ta riga ni saninsa. In abu ya yi wa mutum tsawo, ka leƙa tsakar gida kafin ka ɗauki sifana. In kuma aka ce maka mara lafiya yana kira amma da sauƙi, ka tashi a ranar, ko a bayan jaki ne.